Hangen Dala daga Boɗinga: Sabon Maganin Sankarar Jini da Matakalar da Ba a Gina ba

A shekarar 1963, a asibitin koyarwa na Ibadan, wani likita ɗan Ingila mai suna Pulvertaft ya ɗebi ƙwayoyin sankara daga fuskar wani yaro ɗan Najeriya mai shekara 11, ya raya su a cikin kwalba. Ƙwayoyin nan ba su mutu ba har yau. Suna ta hayayyafa a ɗakunan bincike na Amurka da Jamus da Sin, ana kiransu da suna Raji. Idan masu bincike suka ƙera sabbin ƙwayoyin garkuwar jiki masu farautar sankarar jini, waɗanda duniya ta sani da CAR-T, suna so su ga ko suna da kaifi, ƙwayoyin Raji na cikin abin da suka fi zuba musu su gwada. Wato tsokar ɗan ƙasar nan ce dutsen da ake wasa wuƙar a kai. Amma yaron da sankarar jini ta kama yau a Sifawa ko Danchadi, ko a wani ƙauye na ƙasar Shagari, tsakaninsa da wannan magani akwai tazarar da kuɗin mota ba ya cikewa. Tambayar da ta raba kan masu tunani a harkar lafiya ita ce ko ya dace a fara fafutukar kawo shi yanzu, ko kuwa maganarsa ma ɓata lokaci ce a wurin da ake rasa ledar jini.

Yadda maganin ke aiki shi ne mabuɗin gardamar, don haka dole a tsaya a kansa. A cikin fararen ƙwayoyin jini akwai wasu da likitoci ke yi wa laƙabi da harafin T, su ne dakarun da ke kashe duk ƙwayar jiki da ta lalace. Sankara takan ɓad da kama ta wuce su ba su gane ta ba. Abin da ake yi shi ne a haɗa mara lafiya da wata na'ura ta tsawon awanni: jini ya fita ta wata jijiya, na'urar ta tace fararen ƙwayoyin ta tara su a leda, sauran jinin ya koma jiki. Sai a kai ledar masana'anta, a cusa wa ƙwayoyin wani sabon umarni a cikin kundin gadonsu, wanda zai sa su tsiro da wata ƙugiya mai kama duk ƙwayar da ke ɗauke da tambarin da ake kira CD19. A bar su su yawaita su kai miliyoyi, a daskarar da su cikin sanyin da ya zarce na kowane firjin asibiti nesa ba kusa ba, a dawo da su bayan mako uku ko huɗu. Kafin a mayar da su, sai an yi wa mara lafiya allurar sankara ta kwanaki don a share musu fili. Ledar da ake rataya masa a ƙarshe ba ta kai ledar ruwan sha girma ba, cikin rabin awa ta ƙare. Kuma tasa ce shi kaɗai. Ba za a iya ba ɗan'uwansa ba, ko da ciki ɗaya suka fito.

Masu cewa a nemo shi tun yanzu suna da hujja mai nauyi, kuma bai kamata a yi musu kallon masu mafarki ba. Hujjarsu ta farko ita ce abin yana aiki a inda komai ya gaza. A 2012, a asibitin yara na Filadelfiya, an yi wa wata yarinya 'yar shekara shida, Emily Whitehead, wadda sankarar jini ta dawo mata sau biyu har likitoci suka fara maganar a kai ta gida, kuma ta warke ta girma ta shiga jami'a. A babban gwajin da aka wallafa a 2018, cikin yara da matasa 75 da aka yi wa, kashi 81 cikin ɗari cutar ta ɓace daga ɓargonsu cikin wata uku, alhali dukkansu waɗanda sauran magunguna suka riga suka kasa ne. Hujjarsu ta biyu ta tarihi ce, kuma ita ce ta fi ciwo. A farkon shekarun 2000, maganin cutar ƙanjamau yana cin fiye da dala 10,000 a shekara ga mutum ɗaya, manyan masu faɗa a ji na duniya suna cewa Afirka ba ta shirya ba, har shugaban hukumar ba da agaji ta Amurka na lokacin ya kawo uzurin cewa mutanen karkarar Afirka ba su saba da agogo ba balle su sha magani a kan lokaci. A 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya ce zai sayar da shi dala 350 a shekara. Cikin 'yan shekaru miliyoyin 'yan Afirka suka hau maganin, suka kuma riƙe shi kamar kowa. Masu wannan ra'ayi suna cewa kalmar "ba ku shirya ba" tsohuwar kalma ce, an sha faɗa mana ita, kuma duk wanda ya amince da ita to ya sa hannu a bar shi a baya.

Sun ƙara da cewa farashin ma ya fara karyewa. Lokacin da hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da Kymriah na kamfanin Novartis a watan Agustan 2017, an sa masa dala 475,000, ban da kuɗin gado da na jinya. Idan aka lissafa dala a kan naira 1,500, ya haura naira miliyan 700, wato mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sai ya yi fiye da shekara 800 yana tarawa bai taɓa ko sisi ba. To amma a 2021 hukumomin Sifen sun amince da wanda wani asibitin gwamnati a Basilona ya ƙera da kansa, a farashin da bai kai rabin na kamfanoni ba. A watan Oktoban 2023 Indiya ta amince da nata, NexCAR19, wanda ya fito daga haɗin gwiwar cibiyar fasaha ta Bombay da asibitin Tata, kuɗinsa kusan kashi ɗaya cikin goma na na Amurka. Indiya kuwa ƙasa ce da 'yan Najeriya suka riga suka saba zuwa neman lafiya, kuma tana da talakawa masu ɗimbin yawa. Idan ta iya, in ji su, me zai hana mu?

A nan ne nake rabuwa da su, ba don hujjarsu ƙarya ce ba, sai don sun ɗauki kuɗi a matsayin babban shinge, alhali shi ne shingen da ya fi saurin faɗuwa. Maganin ƙanjamau ƙwaya ce da ake zubawa a kwali a ɗora a mota, ma'aikacin lafiya na ƙauye ya miƙa wa mutum ya tafi gida. Wannan kuwa rabin aikinsa yana farawa ne bayan an cire ledar. Idan dakarun suka faɗa wa sankara, jiki yakan ɗauki zafi kamar an hura wuta a ciki, hawan jini ya faɗi ƙasa, numfashi ya sarƙe. A wancan gwaji na yara 75, kusan kashi uku cikin huɗu sun shiga wannan hali, kusan rabi sai da aka kwantar da su a ɗakin kulawa ta musamman. Ita kanta Emily ta yi kwanaki a kan na'urar numfashi ba ta san inda take ba, abin da ya cece ta wata allura ce ta ciwon gaɓoɓi mai suna tocilizumab, wadda jagoran binciken, Carl June, ya sani domin 'yarsa na fama da wannan ciwo. Wasu kuma ƙwaƙwalwa ce ke rikicewa, shi ya sa a kullum nas takan ba mara lafiya biro ya rubuta jimla ɗaya, a kwatanta da rubutun jiya. Idan haruffa suka fara karkacewa, an san akwai matsala kafin ya fara sambatu. Bayan an tsallake wannan, tunda ƙugiyar ba ta bambanta ƙwayar sankara da lafiyayyar ƙwaya mai tambari iri ɗaya, mutum yakan rasa masu haɗa masa sinadarin kariya, sai an riƙa yi masa ƙarinsa ta jijiya wata bayan wata, wani lokaci shekaru. Ko da an ba Sakkwato ledar kyauta, sai an tambayi gadon, da iskar numfashi, da wutar da ba ta ɗaukewa, da nas ɗin da ba za ta bar ƙasar ba bayan an gama horar da ita.

Akwai misali a cikin gida da ke nuna cewa kyauta kaɗai ba ta isa. Tun 2003 ake raba maganin imatinib kyauta ga masu wani nau'in sankarar jini a asibitin koyarwa na Ile-Ife, ƙarƙashin wani shirin tallafi na duniya. Ƙwaya ce da ake haɗiya a gida, ta mayar da cutar da ke kisa cikin 'yan shekaru ta zama wadda ake tsufa da ita. Shirin ya ceci rayuka da dama. Amma shekaru da yawa sai mutum ya isa Ile-Ife da ƙafarsa, kuma sai an tabbatar da nau'in cutarsa ta gwaji na musamman. Manomin Shagari da saifarsa ta kumbura ta cika masa ciki zai fara ne da wanzami ko mai maganin gargajiya, domin ba wanda ya gaya masa akwai wata ƙwaya da ke jiransa a ƙasar Yarbawa.

Wannan ya kawo mu ga abin da nake ganin shi ne tushen maganar. CAR-T ba maganin farko ba ne a ko'ina a duniya. An amince da shi ne ga wanda aka gano cutarsa daidai, aka yi masa magani na farko cikakke, cutar ta ƙi ji ko ta dawo. Shi ne tsani na ƙarshe a saman matakala. Yaron Boɗinga kuwa yawanci a ƙasa yake tsayawa. Abin yakan fara da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, a je kemis a karɓo maganin cizon sauro, a sake komawa a ce taifot ce. Tafin hannu ya yi fari fat, dasashi ya fara zubar da jini, kaluluwa ta fito a wuya da hammata. A kai shi babban asibitin ƙaramar hukuma a ce jininsa ya ƙone, a nemo kawu ko ƙanen uba a ɗebi leda ɗaya a ƙara masa, ya farfaɗo a sallame shi, bayan sati uku a dawo gidan jiya. A wannan tsakanin wani ya ce sammu ne, wani ya ce shawara ce. Gwajin da zai tona asirin ba tsada gare shi ba: ɗigon jini a shafa a gilashi, a rina, a sa a madubin likita, idon da ya ƙware ya duba. Boɗinga tana bakin Sakkwato, Shagari na gaba kaɗan a kan titin Tambuwal da Jega, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo bai yi musu nisan a-zo-a-gani ba. Nisan yana cikin watannin da ake ɓatawa kafin wani ya rubuta takardar tura yaron can.

Idan ya isa, sai a shiga tsani na biyu, wanda ya fi karya iyaye. Maganin sankarar jinin yara da aka fi samu yana ɗaukar shekara biyu ko fiye. Magungunan tsofaffi ne, mafi yawansu tun shekarun 1950 da 1960 ake da su, ba su da haƙƙin mallakar kowa. Da su ne ƙasashe masu arziki ke warkar da fiye da kashi 80 cikin ɗari na yara masu sankara, yayin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa a ƙasashe matalauta da dama ba a kai kashi 30 ba. Wannan giɓi na kashi hamsin ba CAR-T ya haifar da shi ba, kuma ba shi zai cike shi ba. A Najeriya fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mara lafiya yake fita, kuma binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya sa Sakkwato a sahun farko na talauci mai fuskoki da yawa, da kusan mutum tara cikin goma. Uba zai sayar da tunkiya a zagayen farko na allura, ya sayar da sa a na biyu, ya jinginar da gona a na uku. Damina ta faɗi, yaro ya ɗan samu sauƙi, a ce bari a je a yi shuka a dawo. Ba rashin ƙauna ba ne, akwai wasu bakuna takwas a gida. Cutar da aka bari a tsakiya kuwa idan ta dawo ta fi ta farko taurin kai.

Ko cutar da ta ba duniya ƙwayoyin Raji ma tana bayan wannan hujja. Wani likita mai suna Denis Burkitt ne ya bayyana ta a Yuganda a 1958, sankara ce mai kumbura muƙamuƙi ko cikin yaro cikin 'yan makonni, tana kuma bin yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Tana cikin sankarar da ta fi jin magani: tun shekarun 1960 wani likita mai suna Victor Ngu yana narkar da ita da allura a Ibadan, aikin da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Lasker a 1972. A yau, idan aka haɗa tsofaffin alluran da rituximab, wanda ke cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2015, fiye da yara tara cikin goma suna warkewa a asibitocin Turai. Malaman Sifawa da suka zauna gaban Shehu Usmanu, da na Boɗinga inda ƙanensa Abdullahi ya yi zamansa, sun san wannan tsari a wani fagen: ba a barin farilla a kama nafila. Naira miliyan sittin da za ta sayi leda ɗaya ta Indiya za ta ɗauki nauyin cikakken maganin yara da dama waɗanda damar warkewarsu ta fi ta wancan ɗayan.

Za a ce mini wannan lissafin mai sanyin zuciya ne, kuma ba na musun cewa akwai zalunci a cikinsa. Uwar da ɗanta ya bi duk matakan, ya sha shekara biyu yana karɓar allura, cutar ta dawo, ba za a lallashe ta da ƙididdiga ba. Za a kuma ce masu hali za su ci gaba da hawa jirgi zuwa Mumbai, ƙin kawo maganin gida bai hana kowa samu ba sai talaka. Gaskiya ne. Sai dai cibiyar da aka buɗe da bikin yanke ƙyalle ba tare da abin da ke ƙarƙashinta ba, ita ma masu halin ne za su mora, su kaɗai ke iya zaman makonni a kusa da asibiti da mai jinya, su kaɗai ke iya sayen ƙarin sinadarin kariya na shekaru. Mun ga na'urorin gashin sankara da aka saya da tsada a sassan ƙasar nan suka yi watanni a rufe saboda wani ɗan ƙarfe ko rashin injiniya. Ƙwayoyi masu rai ba sa jiran injiniya. Ko a wancan gwaji da aka yi a manyan asibitocin duniya, yara 92 aka rubuta, 75 suka samu ledar. Sauran wasu sun rasu suna jira, wasu ƙwayoyinsu sun ƙi yawaita a masana'anta.

Inda masu ɗokin suka fi ni gaskiya shi ne a kan haɗarin rufe ido gaba ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Bincike yana tafiya a kan ƙwayoyin da za a ƙera daga jinin lafiyayyen mutum a ajiye don kowa, da kuma allurar da za ta sa jiki ya ƙera dakarun da kansa ba tare da masana'anta ba. Duka biyun suna matakin gwaji, amma idan ɗaya ya yi nasara, rabin shingayen da na lissafa za su rushe. Ƙasar da ba ta da likitocin jini da suka san harkar, da hukumar da ta iya tantance irin wannan magani, da rajistar da ke nuna wace sankara ce ke kama yaranta, za ta sake zama 'yar kallo. Akwai kuma batun da ba a cika faɗa ba: yawancin gwaje-gwajen da aka yi an yi su ne a kan mutanen da ba su taso cikin zazzaɓin cizon sauro da tamowa da ciwon hanta ba, don haka sai an gwada a nan kafin a san yadda jikin ɗan Shagari zai karɓa. Najeriya ba daga sifili za ta fara ba. An yi dashen ɓargo na farko a asibitin koyarwa na Benin a 2011, asibitin koyarwa na Legas ya bi sahu a 2024, dukkansu don masu sikila. Sashen dashen ɓargo shi ne mahaifar CAR-T a ko'ina. Cibiya ɗaya ta ƙasa, mai alaƙa da masu ƙerawa a Indiya ko Sifen, tana koyo a hankali da marasa lafiya kaɗan, abu ne mai ma'ana. Sakkwato ma ta san yadda aiki mai wuya ke kafuwa idan aka dage: asibitin yara masu cutar noma da ke birnin tun 1999 yana yin tiyatar gyaran fuska da ake zuwa nema daga jihohi masu nisa.

Abin da ya rage shi ne me ɗan majalisar da ke wakiltar Boɗinga da Dange-Shuni da Tureta, ko mai wakiltar Yabo da Shagari, ya kamata ya nema idan ana rabon kasafi. Asusun tallafa wa masu sankara da gwamnatin tarayya ta kafa ya fara ne da ta mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza. Shigar da ta jini da ta yara cikinsa sosai, da cikin inshorar lafiya da dokar 2022 ta wajabta, shi ne zai hana uba ɗauke ɗansa ranar da ruwan shuka ya sauka. A manyan asibitocin Boɗinga da Shagari, ƙa'ida ɗaya za ta yi aiki mai yawa: duk yaron da aka ƙara wa jini sau biyu cikin ɗan lokaci ba tare da an san dalili ba, a duba jininsa a gilashi a tura shi gaba. Sannan a nemi na'urar tace jinin nan da kayan aikinta da kuɗin gyaranta na shekaru. A yau za ta cire ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini daga jikin mai bayarwa ɗaya don yaron da allurar sankara ta sa dasashinsa ke tsiyaya, ta kuma musanya wa mai sikila jininsa lokacin da shanyewar jiki ke barazana, a jihar da masu sikila ke da yawa. Ita ce kuma na'urar da ake fara haɗa mara lafiya da ita a ranar farko ta CAR-T.